Neman wakilin littafi daga Nima

A nan Accra, in ka gama littafi, da kanka kake kai wa masu bugawa irin su Sub-Saharan Publishers ko Afram, ku yi magana ido da ido. Manyan kamfanonin Landan da New York kuwa galibi ba sa duba rubutu sai ta hannun wakili, wato mai tallata musu littafi a madadin marubuci. Shi ya sa da na kammala labarina na Turanci, a kan wata mai koko da ƙosai a unguwar Nima, na shiga neman wanda zai tsaya mini.

Sunayen ban same su a wani ɓoyayyen wuri ba. Shafin godiya na ƙarshen littattafan marubutan Afirka na riƙa buɗewa, don kusan kowa yana gode wa wakilinsa a can. Sai in duba sunan a QueryTracker, shafin intanet da ke tattara bayanan wakilai, in ga ko ƙofarsa a buɗe take, da abin da yake so a tura masa. Wani babi uku yake nema, wani shafi goma, kuma ba a yi musu ƙari.

Wasiƙar gabatar da littafin ga wakili ce ta fi cin rai. Shafi ɗaya tak: wace ce Hajiya mai koko, me take so, wa ya tare mata hanya, sai yawan kalmomin littafin, wanda a ƙagaggen labari na manya yakan kai 80,000 zuwa 100,000. Tarihin zango ba shi da gurbi a ciki, duk daɗinsa. Gaisuwarmu ta "ina gida, ina iyali" ma haka ta fita, abin da har yanzu yake mini wani iri.

Wata yayata da ke rubuta tarihin fataucin goro tsakanin Kumasi da Kano ta ce, "Ƙanina, ni ba sai na gama ba." Gaskiyarta. Littafin da ba ƙagagge ba ana iya sayar da shi da tsarin babi-babi, samfurin babi ɗaya ko biyu, da dalilin da ya sa ita ce ta dace ta rubuta shi.

Cikin wakilan da na tura wa, akwai wanda ya amsa mini cikin sauri, da yabo mai yawa, sannan ya nemi dala kafin ya karanta. Ban sake kula shi ba. Wakilin gaske la'ada yake ci, kashi 15 cikin 100, wani lokaci 20 in an sayar a wata ƙasa, kuma sai bayan ciniki ya faɗa. Yawancin sauran shiru suka yi, wanda a wurinsu a'a ne. Wata a Landan ta nemi littafin gaba ɗaya, yana hannunta yanzu.