Chevelle ta 1970: bodi ya hau shasi, inji ya tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon ta da tsofaffin motoci. Ga inda aka kwana: walda ta ƙare, bodi ya koma kan shasi, inji ya tashi. Saura birki, wayoyin wuta, fenti da kujeru. Ga waɗanda ba su san motar ba, Chevrolet Chevelle ce ƙirar 1970 mai ƙofa biyu, injinta V8, an liƙa mata alamar SS 396 (SS wato Super Sport) a gefe. Harafin R da ke lambarta ya nuna a masana'antar Arlington ta Texas aka haɗa ta, amma a jihohin arewacin Amurka ta yi rayuwa, inda ake watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, kuma ƙarƙashinta bai ɓoye hakan ba.

Ranar da ta iso ja ce wur, tana ɗaukar ido. Kyan ɗan maciji ke nan. Ku naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ku bi jikin mota da shi, duk inda ya ƙi kamawa foti ne a wurin, ba ƙarfe ba. A tawa ya ƙi kamawa a bayan tayoyin baya da ƙasan ƙofofi. Da na kankare, fotin ya kai kaurin yatsa, a bayansa kuma an cusa ragar waya an toshe rami. Wanda ya yi aikin ba jahili ba ne, layin jikin ya fita sumul. Don sayarwa ya yi, ba don ajiyewa ba.

Ɓarnar da ta fi cin rai tana kewayen gilashin baya. Motar ta zo da rufin leda irin wanda ake yayi a lokacin. Ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashin ledar yana kwanciya a kwarin da gilashi ke zama, ya cinye shi, ya riƙa ɗiga cikin but har ƙasan but ɗin ya zama rariya. Duk motocin GM (General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet) na wannan zubi a nan suke ruɓewa, don haka kada ku biya kuɗin ko ɗaya sai kun ɗaga tabarmar but kun haska tocila.

Kafin a raba bodi da shasi na walda ƙarafa a gicciye cikin ɗakin motar, domin da zarar an yanke ƙasa bodin yakan saki, ƙofa kuma ba za ta sake zama daidai ba. Ƙofofi ne ma'auni. A fara daidaita su, a bar tazarar milimita 4 zuwa 5 a kewaye, sannan a kawo sabon ƙarfen gefe ya bi su. Waldar kuwa ɗigo-ɗigo ake yi, a ɗiga nan, a tsallaka can, a jira ya huce. Ƙarfen ba shi da kauri, in aka ja wuta a miƙe sai ya lanƙwashe, a koma neman fotin da aka gudo. Wani abin lura: inda rufi ya haɗu da gefen baya, da dalma kamfani ya cike mahaɗar. Kada ku sa injin gurza a wurin hancinku a buɗe, ƙurar guba ce.

Yanzu maganar da ta fi tsaya mini, wato ko SS ce ta gaske. A 1970 SS ba wata mota ce daban ba, tarin kaya ne da mai saye ke biya a ƙara wa Malibu, wato wani samfurin Chevelle: babban inji, birkin faifai a gaba, sifirin masu tauri, bonet mai tozo, baƙin hanci. Saboda haka lambar mota ba ta faɗa. Tawa ta fara da 13637, kuma haka kowace Malibu V8 mai wannan bodi take farawa. Shaida biyu ce ke raba gardama. Ta farko takardar haɗi, wadda ma'aikata kan cusa cikin sifirin kujera ko su bari a saman tankin mai. Na zazzage ko'ina, ba ta nan. Ta biyu lambobin da aka buga a goshin bulok ta ɓangaren fasinja, masu ɗauke da ƙarshen lambar motar da haruffan nau'in inji. A tawa wurin fes yake, domin wani da ya taɓa gyaran injin ya sa an fere saman bulok, lambobin suka tafi. In za ku kai bulok wurin masu fere shi, ku ja musu kunne kan wannan ɗan wurin, ku kuma ɗauki hotonsa tukuna. Waɗanda aka haɗa a Oshawa ta Kanada sun huta, har yau ana samun bayanansu a rubuce.

Kayan SS duk suna jikinta, har da akson baya mai noti 12, amma babu ko ɗaya da ba a saye a ɗaura a yammaci guda. Don haka na yanke shawara: alamar za ta koma inda na same ta, amma duk wanda ya tambaya zan ce masa mota ce mai kayan SS, ba ni da takarda. Kasuwar nan cike take da Malibu da aka yi wa rawani, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne.

Injin kansa yana da tasa 'yar ƙaryar, amma ta kamfani ce. An rubuta 396, alhali a 1970 an ɗan faɗaɗa silinda ya koma kubik inci 402, kusan lita 6.6. Sunan ya riga ya karɓu, sai suka bar shi. Ƙarfinsa a takarda doki 350. Wanda ya taɓa wasa da kwantak da kafireta a Peugeot 504 ba zai ji baƙunta ba, sai dai sufanunsa na milimita ba za su yi ba, komai a nan da inci yake, 1/2 da 9/16 su ne abokan hira. Murfin distirbuta ma yana da 'yar taga: a ɗaga, a zura ɗan makulli, a saita kwantak zuwa digiri 30 inji na aiki.

Tashin farko shi ne wurin da ake asarar kuɗi. Kamshaf ɗin tsohon yayi ne, ƙarfe kan ƙarfe yake gogawa, kuma baƙin mai na zamani an rage masa sinadarin zinki da ke kare irin wannan guga. Sai da na sami mai na musamman, na juya famfon mai da injin huji har mai ya ɓullo a saman bawul, na sake bin wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, 1-8-4-3-6-5-7-2. Yana kamawa ba a barin sa a silo. Ana riƙe shi tsakanin juyi 2000 da 2500 na minti 20 zuwa 30, mutum ɗaya ido kan agogon mai da na zafi, wani yana leƙen yoyo. Fentin salansa ya yi ta hayaƙi, sufanun da ke kan benci suna rawa suna zamewa. Da na yanka matatar mai daga baya ban ga ɓurɓushin ƙarfe ba, alhamdu lillahi.

Fetur ma ya sauya. Tun 1996 aka hana mai dalma ga motocin titi a Amurka, don haka na sa mazaunin bawul masu tauri. Na yanzu kuma yawanci da kashi 10 na etanol a ciki, yana cin tsohuwar roba, dole duk tiyo ya zama sabo. Kafiretar Rochester Quadrajet ce, mai maƙogwaro huɗu: biyu ƙanana na yawon gari, biyu manya da ba sa buɗewa sai an taka sosai. Wasu suna cire ta su sa ta kamfanin Holley. Ni ban ga dalili ba, in ta sami mai haƙurin saiti ba ta da laifi.

Ana tambayata me ake nema a mota mai shan mai haka. Gaskiya motar iyali ta yau za ta fi ta birki, ta fi ta kwana, kuma dokin 350 ɗin nan an auna shi ne inji tsirara, kafin a koma awo na gaskiya a 1972. Abin da ke jan mutum shi ne ƙarfin yana nan tun daga ƙasa, ba sai an kai inji maƙura ba, kuma kowane sashe da hannu ake gane shi, babu kwamfuta a tsakani. Ga kuma shekarar. Pontiac, wani reshen GM, ita ce ta buɗe wannan fage a 1964, lokacin da John DeLorean da mutanensa suka cusa inji 389 a matsakaiciyar mota suka kira ta GTO. GM ta hana irin waɗannan motoci wuce kubik inci 400 har sai 1970, ta ɗage, Chevelle ta fito da inji 454 da ake kira LS6 mai doki 450. Shekara na zagayowa aka rage matsin injuna saboda dokar hayaƙi da sauyin fetur, kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa, takunkumin man Larabawa na 1973 ya ƙarasa sauran.

Abin da ke gaba bututun birki ne, duka sababbi, sai wayoyin bayan dashbod da suka bushe suna karyewa. Batun launi kuma ya warware: ɗan allon ƙarfen da ke ƙarƙashin bonet yana ɗauke da lamba 28, wato shuɗi mai duhu da Chevrolet ke kira Fathom Blue, kuma na tarar da ragowarsa a ƙarƙashin robar ƙofa. Ja ya tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa fesa shuɗi mai ƙyalƙyali a ƙaramin gareji, don Allah ya gaya mini yadda ya yi da ƙura.