Giyabos ɗin da na sauke sau biyu a banza

Asabar ɗin da ta wuce na kwashe sifanonina daga garejin da na yi shekara tara a cikinsa. Muna cikin ɗaure akwati sai ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Oga ƙarami, duk motocin da suka bi ta hannunka a nan, wacce ce ba za ka manta ba?" Murmushi kawai na yi, don duk wanda ya daɗe a wurin ya san amsar. Farar a-kori-kurar nan ce, tsohuwar Hilux mai injin 22R, wadda na sauke wa giyabos har sau biyu cikin kwana goma a kan yoyon baƙin mai da ba daga can yake fitowa ba.

Ina shekarata ta huɗu a lokacin. Mai motar ya zo da kukan cewa kullum da safe sai ya tarar da tabon mai a inda ta kwana, kuma ba ya rufa mako bai ƙara mata lita guda ba. Maigida, mai garejin, ko rami bai shiga ba. Durƙusawa ya yi ya leƙa, ya ga mai ya taru a gindin kaskon da ya haɗa inji da giyabos, wato ɗakin kuloci. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Sil ɗin baya ne. A sauke giya." Iyakar binciken ke nan, bai kai minti biyu ba.

Ni kuwa na riga na ɗaga bonet. Na zura hannu bayan kan inji, a ɗan lungun nan da ke tsakaninsa da bangon gaban direba, yatsuna suka fito sharkaf da mai. Ɗanyen mai ne mai santsi, ba tsohon dattin da ya daskare ba. Sil ɗin baya, wato zoben robar da ke hana mai fita ta bayan inji, yana can ƙasa a wutsiyar karanshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, mai kuma ba ya hawa tudu. Na san haka sarai. Na ce, "Maigida, ko mu wanke injin tukuna mu gani?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaushe ka fara koya mini aiki?" Na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun shi ne kuskurena, kuma har yau ya fi ci mini rai a kan abin da shi ya yi mini daga baya.

Ba sai na gaya wa 'yan'uwana makanikai wahalar aikin ba: firofela, kik, sandar giya, a tallafe inji, a sauko da giyabos, a cire kuloci, a kwance filawil (faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa a bayan inji), duk don a kai ga wani zoben roba da bai fi tafin hannu ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da na gani da filawil ɗin ya fito. Bayansa a bushe yake. In sil ɗin baya ne ke zuba, za ka tarar da fuskar filawil da ke kallon inji ta jiƙe, man ya yi zane-zane daga tsakiya zuwa baki saboda juyawa. Wannan babu ko ɗaya. Tsohon sil ɗin ma leɓensa da sauran taushi. Sai dai wani siririn layin mai da ya gangaro ta bayan bulok daga sama. Dama ta biyu ke nan da na samu in kira maigida in nuna masa. Amma na ce a raina giyabos ya riga ya sauka, sabon sil an riga an sayo, wa zai tsaya ya ce duk wannan aikin na banza ne? Na buga sabon sil, na mayar da komai, mota ta tafi.

Kwana huɗu ta dawo. Mai motar ya fito ransa a ɓace, ya nuna ƙasa. A gabansa, a gaban yara shida da nake koya wa riƙe sifana, maigida ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Yaron nan ne ya sa sil ɗin a karkace. Na sha gaya masa hannunsa na rawa." Ya juyo gare ni ya ce in sake saukewa, ba ko sisin aiki, kuma kuɗin sabon sil daga aljihuna. Na sake kwanciya a ƙarƙashinta yini guda. Sil ɗin da na ciro zaune yake daram, ko gashi bai karkata ba, a bushe kuma kamar na farko. Na miƙa masa, ya juya shi a hannu, ya jefa cikin kwandon shara bai ce uffan ba.

Da yamma kowa ya watse, ni na ƙi tafiya. Na san in motar nan ta fita a haka, karo na uku zan sauke giyar nan. Na samo kalanzir da buroshi na wanke injin tas daga murfin bawul har kaskon mai, na busar da shi da iska. Na aiki wani yaro ya samo mini hodar jarirai, na barbaɗa ta a bayan kan inji, da gefen murfin bawul, da wajen filta, da gindin swic ɗin da ke kunna fitilar mai. Injin ya yi fari fat. Na shimfiɗa kwali a ƙasa, na tayar da ita, na bar ta tana aiki. Na riƙe ɓallen madubin gefe a hannu ɗaya, tocila a baki, ina leƙen lungun nan. Minti goma ban ga komai ba. Da injin ya ɗauki zafi na ɗan taka mata wuta, sai ga wani baƙin ɗigo ya ɓullo cikin farar hodar, ya kumbura, ya fara gangarowa a hankali yana jan layi kamar an zana da biro.

Daga rabin wata yake fitowa. Masu aikin 22R sun san shi: kan injin yana da yanka mai siffar rabin da'ira a gaba da baya, an toshe kowanne da guntun roba, murfin bawul ya danne su. Na gaba kowa na ganinsa. Na baya a ɓoye yake, sai da madubi. Shekara da shekaru yana shan zafi, robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙashi, da na ciro shi ma a hannuna ya dare biyu. Man da ya fito daga nan sai ya bi bayan kan inji, ya sauka kan bulok, ya zagaye kaskon kuloci, ya ɗiga daidai inda na sil ɗin baya zai ɗiga. Duk wanda ya leƙa daga ƙasa kaɗai zai rantse sil ne.

Ban tsaya nan ba, don ruwa ba ya tsami banza. Robar ta tsufa, gaskiya ne, amma lita guda a mako ya yi wa wannan ɗan tsagin yawa. Na zare ɗan bawul ɗin numfashi da ke kan murfin, wanda ake kira PCV, na girgiza shi a kunne. Mai lafiya ƙara yake yi kamar tsakuwa a gwangwani. Wannan shiru, ya toshe da daskararren mai, tiyonsa ma ya cushe. Kowane inji, musamman wanda ringinsa suka ci, yana sulalo da hayaƙi ta gefen fistin zuwa cikin akwatin karanshaf, kuma aikin bawul ɗin nan ne ya janye shi ya mayar da shi a ƙone. In ya toshe, iskar ba ta da mafita, sai ta riƙa tura mai ta duk inda ta sami rauni. A motar nan raunin yana rabin wata. Da an bar ta a haka, watarana sil ɗin bayan ma zai buɗe da gaske, maigida ya ce ai dama ya faɗa.

Gyaran bai ci awa ɗaya ba. Sabon gasket na murfi, sababbin rabin wata biyu, ɗan ɗigon silikon a kusurwoyinsu kawai, sabon bawul ɗin numfashi. Notunan murfin guda huɗu ne, kuma ba sa son ƙarfi, da sun zauna ka ƙyale su. Washegari na sake yin hoda, muka zaga da ita, muka dawo, fari fat.

Na sami maigida shi kaɗai na nuna masa tsagaggen robar. Ban so in kunyata shi ba, so nake kawai ya ce na ji. Ya ce, "To ai na gaya maka na farkon a karkace yake. Da ka sa shi daidai ba ga shi ya tsaya ba?" Haka kuma ya gaya wa mai motar. Kuɗina bai dawo ba. Mutumin ya ci gaba da kawo motarsa har shekara biyar, kuma duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Don Allah kada a ba wancan yaron." Ina jin sa, ina goge hannu.

Ba zan ce maigida bai iya aiki ba. Wallahi ban taɓa ganin mai kunne irin nasa ba, daga bakin ƙofa zai gaya maka wane bawul ne ke ƙara. A hannunsa na koyi rabin abin da nake ci da shi yau. Amma ya sauke giyabos ɗari a kan sil, ya dace a mafi yawansu, sai ya daina dubawa. Kuma a garejinsa laifi tudu ne, kullum na wani ake hangowa.

Sauran abubuwan da yoyon mai ya koya mini ba su zo da zafi haka ba. Tun daga ranar ba na taɓa sifana sai na wanke inji, kuma daga sama nake farawa in yi ƙasa, daga gaba in yi baya, don iskar tafiya baya take kora mai. Ina shinshina abin da ya ɗiga: man giya warin ƙibiritu gare shi, ba ya ɓuya, na sitiyari kuma sau da yawa ja ne. Na taɓa ganin tsohon zoben filta ya manne a jikin inji aka ɗaura sabo a kansa, mota ta zubar da mai kaf cikin 'yan mintuna. Wanshar notin juye mai ba a maimaita ta har abada. Swic ɗin fitilar mai ba ya zuba sai inji na aiki, kada ka neme shi a kashe. Mai lafta silikon kamar yana shafen bango, ragowar tana gutsurewa ta toshe rariyar famfon mai, na ga injin da ya buga saboda haka. Ɗaure kaskon mai da ƙarfin tsiya lanƙwasa bakinsa yake yi, yoyon ya ƙaru. In sil ɗin gaba ya sake zuba bayan an canja shi, shafa wuyan fule da farce, za ka ji kwarin da tsohon ya ci. Mai mai kauri da magungunan kwalba da ake zubawa ɓoye ciwo suke yi na ɗan lokaci. Kuma ba kowane naso ne ya cancanci a kwance inji ba, tsohuwar mota tana ɗan gumi, sai dai in yana sauka kan salansa ko ya kama hanyar kuloci.

Da na je yi masa sallama ranar Asabar, yana zaune a kan bencinsa. Na durƙusa na yi godiya kamar yadda ya kamata. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Ka dai riƙa kula da sil, ka san hannunka." Yara suka yi 'yar dariya, wasunsu ma ba su zo garejin ba lokacin da abin ya faru. Na ce, "To, Maigida." Ɓallen madubin da gwangwanin hodar na miƙa wa ƙaramin cikinsu, wanda na lura yana yawan zura hannu bayan inji kafin ya shiga rami. Sauran kayan na ɗora a kafaɗa na fita.