Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Watan da Kuɗi Suka Ɓace a Legas

A makon jiya na tsaya a kan hana acaba da gwamnatin Legas ta yi a watan Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu, da yadda samarin da ke cika bencin rumfata da rana suka ragu. Wasu sun koma gida Arewa, wasu sun shiga dako da turin ruwa. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga maganar canjin kuɗi.

A watan Oktoban shekarar ne Babban Bankin Najeriya ya sanar cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fitowa ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Muka bi umarni. Na kwance ɗan abin da ke cikin lalitata, na juye na cikin gwangwanin madara da nake ɓoyewa a bayan buhun masara, na kai banki. Kuɗi suka shiga lafiya. Fitowarsu ce ta gagara.

Wanda bai san sana'ata ba ba zai gane nauyin abin ba. Tuwo nake sayarwa a Agege, na shinkafa da na masara, da miyar kuka da ta taushe, da safe kuma ina toya masa. Masu cin abincina su ne 'yan dako, masu ruwa, masu gyaran takalmi, masu yankan farce, masu gadi idan sun tashi daga aikin dare, da wasu mahauta da ke dawowa daga mayankar Oko-Oba. Yawancinsu ba su taɓa buɗe asusu a banki ba. Abin da mutum ya samu da safe shi yake miƙo mini da rana, ni kuma shi nake ɗauka washegari da asuba in shiga danfo zuwa kasuwar Mile 12 in sayo tumatir da tattasai da attaruhu da albasa. Kwandastan danfo ba ya karɓar tiransifa. Yaron da zai ɗauko mini kwando zuwa bakin titi ba ya karɓa. Da tsabar kuɗi ta ɓace, sai komai ya tsaya cak a lokaci ɗaya.

A Mile 12 na ga abin da ya sa ni hawaye. Manyan motoci sun kwana biyu ko uku a hanya daga Kano da Katsina da Filato, an sauke kwanduna, ga masu saye sun zo, amma kowa waya yake riƙe da ita yana ɗaga ta sama yana neman sabis. Tumatir kuwa ba ya jira. Kafin la'asar ruwa ya fara tsiyaya ta gindin kwando, ƙudaje sun rufe.

A rumfa kuma sai na lura mutanena sun fara wata ɗabi'a. Mutum zai zo ya gaishe ni, ya zauna a ƙarshen benci, ya ce ruwa kawai zai sha. Akwai wani dattijo mai turin ruwa da ya shekara yana cin malmala biyu a wurina kullum. Ranar ya zo ya zauna yana kallon titi. Na ce, "Baba, yau ba a zuba maka ba?" Ya ce, "Mama, na ƙoshi." Leɓensa a bushe, hannunsa yana ɗan rawa a kan gwiwa. Ya tura kura tun safe, gidajen da ya kai wa ruwa duk sun ce ya ba da lambar asusu, shi kuma ba shi da ita. Na zuba masa ban ƙara magana ba, ya ci yana sunkuye.

Da dare na tayar wa Baban yara da maganar. Shi ma albashinsa na gadi yana maƙale a banki, ya yi ta bin layin ATM tun kafin gari ya waye yana dawowa hannu rabbana. Na ce masa ina so in buɗe littafin bashi, duk wanda na sani ya ci, ya biya idan gari ya yi daɗi. Ya yi shiru, can ya ce, "Uwargida, jarin nan shi ke nan gare mu. In ya karye, kuɗin makarantar yara fa?" Gaskiya ya faɗa, kuma ban da amsar da zan ba shi. Abin da na iya cewa kawai shi ne ba zan iya tsayawa a kan tukunya cike da tuwo ina kallon mai yunwa yana ce mini ya ƙoshi ba. Muka durƙusa a gefen katifa muka yi addu'a. Da muka tashi ya ce, "To, yi. Amma a rubuta kome."

Tun ina yarinya a ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi, mahaifiyata takan tashe mu addu'ar safe, mu rufe da Addu'ar Ubangiji. "Ka ba mu rananga abincin yini." Na faɗi wannan layi shekara da shekaru da hatsi a rumbu, ko da 'yan kuɗi a gwangwani. A watan Fabrairun nan ne na faɗe shi ban san ainihin inda cefanen gobe zai fito ba. Sai na riƙa komawa Littafin Fitowa sura 16, inda aka ce wa Isra'ilawa kowa ya tara manna ta yini ɗaya, wanda ya ɓoye ta kwana kuma ta yi tsutsa. Da can nakan karanta wurin in ga rashin biyayyar mutanen. Yanzu tausayinsu nake ji, domin na san yadda zuciyar uwa take idan ta kwanta tukunya babu kome.

Babbar 'yata ce ta riƙe littafin, wani tsohon littafinta na makaranta da ta juya ta baya. Da yawa ba mu san cikakken sunansu ba, sai ta rubuta "mai ruwa dattijo", "ɗan Sakkwato mai takalmi", "dogon mahauci". Shafi ya cika, aka buɗe wani.

Jarrabawar da ta fi mini wuya ba daga bashin ta zo ba. Duk da ƙuncin, 'yan kuɗi suna shigo mini kaɗan-kaɗan, musamman bayan Shugaba Buhari ya yi jawabi ranar 16 ga Fabrairu ya ce tsohuwar naira 200 ta ci gaba da aiki. Wani yaro mai POS a bakin layinmu, ɗan mutunci ne, ni ma yana ce mini Mama, ya zo da yamma ina wanke-wanke ya rage murya. "Mama, duk tsabar da kika tara ki ba ni. Dubu goma, in tura miki dubu goma sha biyu." Na tsaya da soso a hannu. Ribar da ba na samu a tukunya guda ke nan, ga ta babu hayaƙi babu zafin wuta. Na san kuma inda zai kai kuɗin. Zai sayar wa wanda ya fi ni matsuwa da tsadar da ta fi haka. Kwana biyu kafin nan na ga maƙwabciyata, Bayarabiya mai ɗinki, ta tsaya a gabansa da yaro a goye jikinsa zafi rau, tana roƙo a rage mata don ta samu na mota zuwa asibiti. Na ce masa, "Ɗana, ka yi haƙuri, ba zan iya ba." Ya ce kowa yana yi. Na ce na sani.

Ban ɗauki waɗanda suka yi a matsayin mugaye ba, yunwa ba ta da kunya, kuma har cikin masu bi akwai waɗanda suka yi. Amma ni na kasa haɗa wannan ciniki da addu'ar da nake yi da safe. Abin da na yi shi ne, duk abin da ya ragu bayan na ware na mota da na dako, sai in canza wa matan gidanmu da na Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'armu, dubu a bakin dubu, su tura mini ta waya. Musulma da Kirista duk layi ɗaya, wadda ta fi buƙata ita ce gaba.

Ranar Lahadi a sashen Hausa na majami'armu ta ECWA, farantin baiko ya zagaya ya dawo kusan wayam. Wasu mata suka kawo gwangwanin shinkafa, wata ta kawo sabulu, aka tara a gaban bagade aka raba wa gwauraye. Baba Fasto bai yi mana alkawarin cewa gobe kome zai warware ba. Labari ya ba mu. Ya ce a ƙarshen shekarar 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a nan Legas da niyyar kai bishara can cikin ƙasa. Bingham ya kwanta ciwo aka bar shi a Legas, sauran biyun suka nausa Arewa, kuma a 1894 dukansu biyu suka rasu ba su ga amfanin wahalarsu da idonsu ba. Daga wannan aiki ne mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, ya tsiro, daga SIM kuma aka sami ECWA a 1954. Ya dube mu ya ce, "Ku da kuke zaune a nan kuna waƙa da Hausa, ku ne amsar addu'arsu. Su ba su gan ku ba." Mata suka ɗauki waƙa, ana buga tulu, ni kuwa na kasa buɗe baki.

Zan faɗi ra'ayina a nan, ko da zai ɓata wa wani rai. Legas cike take da wa'azin "shuka iri ka girbe ninki ɗari kafin ƙarshen wata". A kan allunan titi ake gani, a cikin mota ake ji. Na ga matan da suka ba da jarinsu saboda irin wannan magana, da abin bai dawo ba sai aka ce musu bangaskiyarsu ce ta yi kaɗan. Wannan zalunci ne. Allah ba ɗan adashi ba ne da za ka zuba masa ka jira ranar kwasarka. Ban ba mai ruwa tuwo don a ninka mini ba. Na ba shi ne don yana jin yunwa, kuma Yesu ya ce a Matiyu sura 25 duk abin da muka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi muka yi wa.

Taimako ya zo, ta inda ban zata ba. Alhajin da nake sayen kayan miya a wurinsa a Mile 12, Bakano ne, ya ga ina ta fama da waya kuɗi sun ƙi tafiya. Ya ce, "Maman tuwo, kwashi kayanki ki tafi. In an saki kuɗi kya kawo. Mun daɗe tare." Har na mota ya ciro daga aljihu ya ba ni. Na yi masa godiya, ya ce in gode wa Allah. Haka ya yi ta yi mini har ƙuncin ya wuce, bai taɓa rubutawa a gabana ba.

Akwai kuma ranar da babu abin da ya zo. Na tura wa mai shinkafa kuɗi, aka cire daga asusuna, shi kuma alat bai shigo masa ba, ya ce ba zai ba da kaya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kuɗin suka maƙale makonni. Ranar ban ɗora tukunya ba. Mutanena suka zo suka tarar da murhu a sanyaye, suka juya. Mu ma garin kwaki muka jiƙa da ɗan sukari, autana yana tambaya ko ba za a yi miya ba. Da dare na yi kuka a gaban Ubangiji, na faɗa masa duk abin da ke raina, yadda Dawuda yake yi a Zabura. Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Da asuba na tashi na wanke tukwane, na je wurin Maman Zumunta ta ranta mini mudu huɗu na garin masara, na hura wuta.

Aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu cikin wannan hali. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, amma sai wajen tsakiyar watan, da Babban Banki ya fito ya amince, mutane suka saki jiki suka fara karɓa. Takardun da muka kai banki da hannunmu su ne suka dawo mana, a yamutse.

Muka zauna da 'yata muka buɗe littafi. Da yawa sun biya. Dogon mahauci ya biya har ya ƙara mini da ƙashin miya. Dattijo mai ruwa ya riƙa kawo naira ɗari biyu-biyu, yana tsayawa sai ya ga an soke layi da biro kafin ya tafi. Wasu kuwa sun tafi gida lokacin zaɓe ba su dawo ba, shafinsu yana nan yadda yake. Da na biya Alhaji da Maman Zumunta na lissafa abin da ya rage, jarina ya koma wajen rabi. Dole na ajiye tuyar masa, na sallami yarinyar da ke taya ni wanke-wanke, abin da har yau yake damuna, domin ita ma da wannan ɗan kuɗin take taimakon uwarta. Baban yara ya duba lissafin, bai ce "ai na faɗa miki" ba. Ya ce a cire kuɗin makarantar zangon daga albashinsa, shi zai riƙa zuwa aiki a ƙafa.

Muna cikin wannan lallaɓawa, a farkon watan Mayu, mai gidan da muke haya ya aiko ɗansa da takarda: ko mu amince da ƙarin kuɗin haya, ko mu tashi. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kuɗin danfo zuwa Mile 12 ya yi tsalle. Yadda muka yi da takardar nan, da abin da ya kai ni kwana a barandar majami'a da yara uku, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu da rai.