Inda na kai da bibiyar rediyon aurora, mako na shida

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Na kwashe sati biyu ina ta fama da 'yar rediyo ta SDR (wadda ake sarrafawa da kwamfuta) da doguwar waya da na ɗaura a saman rufi, ina neman siginar rediyo da ake kira AKR ta aurora (hasken nan mai launuka da ke bayyana a sama da dare can ƙuryar arewa da kudancin duniya), wadda ke fitowa tsakanin kilohaz 50 zuwa 500. Abin da na kama kawai tartsatsin walƙiya ne da ƙarar caja. Ashe ba ta saukowa, ayonosfiya, wato sashen iskar can sama mai cajin lantarki, ce ke tare ta, shi ya sa sai a 1965 aka fara gano ta da tauraron ɗan adam na Tarayyar Sobiyet mai suna Elektron-2, sannan a 1974 Donald Gurnett na jami'ar Iowa a Amurka ya nuna tana tafiya ne tare da hasken aurora. Don haka kar wanda ya ƙara kashe kuɗi a kan eriya saboda wannan.

Yanzu na koma kan data. Ina sauke hotunan siginar tauraron Wind daga CDAWeb, rumbun data na NASA, in ɗauko ma'aunin AE na cibiyar Kyoto a Japan, wanda ke nuna ƙarfin motsin maganaɗisu a yankin aurora, in jera su a lokaci guda don in ga yadda siginar ke yi lokacin sabstom, wato ɓarkewar aurora. Shi sabstom, wanda Akasofu ya fayyace a 1964, tara ƙarfi wutsiyar maganaɗisun duniya ke yi daga iskar rana na kusan awa ɗaya, sai ta sake shi lokaci guda, ilektiron su kwararo ɓangaren duniya da ke cikin dare.

To a nan ne abin ya kama ni wallahi, domin ranar farko da na dace na ga layin AE yana kwance abinsa sai ya miƙe tsaye, a daidai wurin kuma hoton siginar da ke shuɗi ya koma ja, alamar ta yi ƙarfi, kuma jan bai tsaya wuri ɗaya ba sai da ya zubo ƙasa wajen ƙananan firikwansi kamar an zubar da fenti. Na daɗe ina kallo kafin na gane. Siginar tana fita ne kusa da firikwansin da ilektiron ke kewaya layin maganaɗisu, wato kilohaz 28 a kowane maikirotesla ɗaya na ƙarfin maganaɗisu, ƙarfin maganaɗisu kuwa raguwa yake in ka yi sama. Na ɗau biro na yi lissafi, kilohaz 300 ya ba ni wajen kilomita 5,000 daga ƙasa, kilohaz 100 kuma kusan 10,000. Ke nan zubowar da na gani a hoto, hawa ne wurin da ke fitar da siginar ya yi. A ganina wannan ya fi ƙarin ƙarfin siginar muhimmanci nesa ba kusa ba, don yana nuna maka inda ake ingiza ilektiron ɗin.

Abu ɗaya da ya ci min lokaci, akwai ranakun da AE ya tashi sosai amma hoto shiru. Ku riƙa duba inda tauraron yake tukuna, siginar ta fi fita ta ɓangaren dare, shi kuma Wind tun 2004 yana can ɓangaren rana, don haka ku nemi bayanan shekarun farko bayan harba shi a 1994. Sati mai zuwa insha Allah zan gwada bayanan tauraron Geotail in auna mintunan da ke tsakanin tashin AE da zubowar.