Daga Sacramento zuwa Pasadena Neman Datsun Mai Takardar Hayaƙi

A jihar Kalifoniya, duk wanda ya ƙudurta sayen tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, shekarar ƙirarta yake fara tambaya tun kafin ya tambayi kuɗinta. Dokar jihar ta raba motocin fetur gida biyu: waɗanda aka ƙera a 1975 ko kafin nan ba a kai su gwajin hayaƙi, waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa sama kuwa, in ban da sababbin motoci, tilas a gwada su duk bayan shekara biyu a mafi yawan sassan jihar, haka kuma a lokacin da za a sayar da su. A da wannan iyaka tana matsawa ne da shekara ɗaiɗai, har duk motar da ta cika shekara 30 ta fita daga gwajin, amma a 2004 aka yi dokar da ta kafe ta a 1975, kuma can take har yanzu. Sakamakon haka, Datsun 280Z ta 1975 da ta 1976, waɗanda kusan mota ɗaya ce a jiki da inji, ba su da daraja ɗaya a kasuwa. Aljihuna bai kai ga ta 1975 ba, balle yayarta 240Z da masu tara motoci suke rububi a kai, don haka na san tun daga gida cewa motar da zan saya sai ta bi ta hannun masu gwaji.

Na bar Sacramento ta jirgin ƙasa, domin niyyata ita ce in komo da motar da kaina. Jirgin yana ratsa kwarin San Joaquin ta Stockton da Modesto da Fresno, tsakanin gonakin almon da na inabi da garken shanun madara da ido ba ya ganin ƙarshensu, sannan ya tsaya a Bakersfield, inda fasinjojin Los Anjalis suke sauka su shiga bas. Tun daga Fresno na lura cewa duwatsun Sierra Nevada, waɗanda taswira ta nuna suna nan gabas da mu, sun ɓace a bayan wani labule mai launin ƙasa-ƙasa, irin hazon da yake rufe Dutsen Dala a tsakiyar hunturu, sai dai wannan ba iskar Sahara ce ta kawo shi ba. Kwarin yana kewaye da duwatsu ta fuska uku, iska mai ɗumi tana danne mai sanyi a ƙasa, sai hayaƙin manyan motoci da ƙurar gonaki su rasa mafita. Bakersfield tana yawan fitowa a sahun gaba cikin biranen Amurka masu gurɓatacciyar iska. Na sha jin masu tsofaffin motoci suna tsine wa dokar gwajin, kuma ni ma ina da nawa ƙorafin a kanta, amma wanda ya zauna a tagar jirgin nan ya ga abin da yaran kwarin suke shaƙa, da wuya ya ce babu dalilin yin ta.

Bas ɗin ya hau dutse ta hanyar da ake kira Grapevine, ya tsallaka mashigar Tejon mai tsayin fiye da mita 1,200, ya gangara cikin Los Anjalis da yamma. A tashar Union wani dattijo ya tarbe ni, makanike ne mutumin Damagaram wanda ya daɗe yana gyaran motocin Japan a birnin, kuma abokin mahaifina ne tun suna samari. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, "Ɗana, kafin mu je ko'ina ka riƙe magana ɗaya. Motar da ba ta da takardar hayaƙi, ko kyauta aka ba ka, ƙarfe ka ɗauko wa kanka." Na ce, "To, Baba, na ji."

Motar farko tana kwarin San Fernando, ƙirar 1977, ja wur, fentinta yana ɗaukar ido, kuma farashinta ya yi ƙasa da yadda kyanta ya nuna. Da mai ita ya buɗe bonet sai dalilin ya fito fili. Kamfanin Nissan, mai ƙera Datsun, ya fitar da 280Z da injin silinda shida a jere, mai lita 2.8, wanda yake shan mai ta nozul bisa tsarin Bosch, amma wannan bawan Allah ya kwashe tsarin gaba ɗaya ya ɗora kafireta uku ƙirar Weber, ya sauya salansa, ya jefar da tukunyar tace hayaƙi wadda makanikanmu na gida suke kira indomi. Da ya tayar da ita, ƙararta ta yi daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sai dai motar ta yi shekaru a gareji da rajistar ajiya, wato an sanar da hukuma cewa ba a hawa da ita kan titi. Ya ce zai rage mini kuɗi in je in ji da gwajin da kaina. Baba ya amsa masa cikin ladabi cewa a dokar Kalifoniya mai sayarwa ne yake da alhakin kawo takardar, kuma dole ta kasance ba ta wuce kwana 90 ba. A mota ya ƙara yi mini bayani cewa ko da hayaƙin wannan injin ya fita tsaf, ba za ta ci gwajin ba, domin mai gwaji yana duba kayan injin da ido, ya kwatanta su da yadda motar ta fito daga kamfani, kuma duk wani sabon abu da aka ɗora sai yana ɗauke da lambar amincewar hukumar kula da iska ta jihar. Mayar da ita yadda take na nufin farautar wayoyi da na'urorin da aka daina ƙerawa tun tuni, kuma kuɗin hakan zai cinye ragin har ya nemi ƙari.

Washegari muka nufi Pasadena, a gindin duwatsun San Gabriel, kuma babu garin da ya fi dacewa da wannan sha'ani. A watan Yulin 1943 hayaƙi ya turnuƙe tsakiyar Los Anjalis har wasu suka zaci Japanawa ne suka kawo hari da iskar guba. Shekaru aka yi ana ɗora laifin a kan masana'antu, sai a farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, wanda yake koyarwa a jami'ar Caltech ta nan Pasadena, ya nuna cewa hasken rana ne yake dafa tururin fetur da iskar da injuna ke fitarwa su zama wannan hazo mai sa ido hawaye. Kamfanonin mota da na mai sun yi ta musu, amma bincikensa ya tabbata. A 1967 gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da iska ta jihar, Haagen-Smit ya zama shugabanta na farko, shirin gwajin hayaƙin motoci kuma ya fara aiki a 1984. Baba ya ce tsofaffin kwastomominsa suna ba shi labarin lokacin da ake yin makonni ba a ga waɗannan duwatsu daga cikin gari ba. A ranar da muka je, har tsagin da ke jikinsu ana gani.

Mota ta biyu ƙirar 1978 ce, mai giya biyar, launinta na azurfa ya dushe a rufi da bonet. Mai ita wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata ita, kuma ta fito mana da wani kwali cike da rasiɗan gyara da tsofaffin takardun gwaji, an jera su bisa shekara. Baba bai ko dubi fentin ba. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya shige ƙarƙashinta da tocila, yana ƙwanƙwasa ƙarfen gindi da bayan sukundireba yana sauraro, domin tsatsa ce ajalin waɗannan motoci. Ya fito ya ɗaga batir ya duba farantin da yake zaune a kai, ya ɗaga safaya ya shafa ramin da take kwance, ya bi leɓen ƙofar baya da yatsa. Daga nan ya kira ni ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a cikin bonet tun daga kamfani, ta yi rawaya amma ana iya karanta ta, wadda ta bayyana cewa motar ta cika ƙa'idar Kalifoniya, ta kuma faɗi yadda za a saita taimin da sulo. Ya bi siraran tiyo ɗin iska ɗaya bayan ɗaya da hannu, daga bawul ɗin da yake mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji zuwa gwangwanin gawayin da yake kama tururin tanki, bai tarar da wanda aka toshe ko aka yanke ba. Ya miƙe ya share hannunsa ya ce, "Wannan mutumin, ya riƙe amanar motarsa."

Muka yi ciniki da dattijuwar bisa sharaɗin cewa kuɗi ba zai fita ba sai takarda ta fito, ita ma ta ce haka mijinta zai so. Samun wurin gwajin ya ɗan ba mu aiki. Motocin 2000 zuwa sama kwamfuta kawai ake jona musu a karanta, saboda haka gareji da yawa sun daina ajiye tsohuwar na'urar da ake ɗora mota a kai, kuma matasan masu gwaji ba su cika son taɓa injin da ya girme su ba. Baba ya san wani wuri, kuma kafin mu shiga ya sa na yi ta zagaya babbar hanya har inji da salansa suka yi zafi sosai, domin tukunyar tacewa ba ta aiki yadda ya kamata sai ta gasu.

Mai gwajin ya hau da tayoyin baya kan wasu manyan rodi biyu masu juyawa a cikin daɓe, ya kafa fanka a gaban lagireto, ya zura wani dogon bututu a bakin salansa. Ya tuƙa ta tana tsaye wuri ɗaya, da farko a gudun mil 15 cikin sa'a, sannan mil 25, allon kwamfuta yana nuna yawan ɗanyen fetur da bai ƙone ba, da iskar kabon mai guba, da sinadaran naitirojin. Ma'aunin da ake yi wa kowace mota na zamaninta ne, ba a neman ta 1978 ta yi tsabtar ta bana, kuma wannan adalci ne da masu sukar dokar ba su cika ambata ba. Hayaƙin ya wuce lafiya. Inda ta faɗi shi ne gwajin tanki, wanda ake yi wa motocin 1976 zuwa 1995: ana matse tiyo, a hura iska a tankin, a ga ko zai riƙe. Bai riƙe ba. Baba ya kwance murfin da ke gefen but ta ciki, ya haska, sai ga wani tiyo na tururin mai ya bushe ya tsage a daidai inda ya lanƙwasa, har ana jin warin fetur kaɗan-kaɗan. Dattijuwar ta biya kuɗin sabon tiyo da murfin tanki, Baba ya ɗaura su a gareji da yammacin ranar, aka sake gwaji ta ci, sakamakon kuma ya tafi kai tsaye ta kwamfuta zuwa ofishin rajistar motoci.

A nan ne ra'ayina ya ƙara zama. Wannan tsagar ta yi shekaru tana zubar da tururin fetur a cikin motar da mutum yake zaune, kuma babu wanda zai gano ta in ba don gwajin ba. Abin da nake ƙi a dokar shi ne kafewar iyakar a shekara ɗaya, yadda mota mai shekara kusan hamsin, wadda ba a fita da ita sai ranar hutu, take fuskantar wahalar neman kayan da babu mai ƙera su, alhali 'yar'uwarta da ta girme ta da watanni tana yawo babu mai tambaya. A 2025 an kai ƙudiri majalisar jihar don sassauta wa irin waɗannan motoci, wanda Jay Leno, shahararren mai tara motoci, ya mara wa baya, amma bai zama doka a shekarar ba.

Dattijuwar ta sa hannu a takardar mallaka, ta cike tata sanarwar sayarwa wadda doka ta ba ta kwana 5 ta miƙa, ni kuma ina da kwana 10 in mayar da rajista sunana. Baba ya sauya baƙin mai da fulogi, ya ɗaure bel ɗin fanka, ya saka mini galan na ruwa a bayan kujera, ya ce, "Ɗana, a kan dutse idonka ya zauna a kan allurar zafi, kada ka biye wa yaran da za su zo su yi maka tayin tsere." Na hau Grapevine da sassafe a giya ta huɗu, ina wuce allunan da suke gargaɗin direbobi su kashe na'urar sanyaya mota don kada inji ya tafasa, allurar ta ɗan ɗaga ta tsaya a tsakiya. Daga gangaren na bi babbar hanya mai lamba 5, miƙaƙƙiya ta yammacin kwarin, tafiyar kilomita sama da 600 gaba ɗaya zuwa Sacramento. A wani gidan mai kusa da Coalinga wani direban tirela ya zagaya motar ya tambaye ni shekararta, da na ce 1978 sai ya girgiza kai ya ce ashe ina da aiki duk bayan shekara biyu. Na riga na ba Baba saƙon ya nemo mini na'urar auna iskar inji da bawul ɗin hayaƙi na ajiya daga wurin masu fasa tsofaffin motoci, tun ana samunsu.