Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hoton da Sardarji Ya Sauke Daga Bango

A makon jiya na tsaya a inda kuɗin karatuna ya maƙale a gida bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, har dole ta sa na koma wani ɗan ɗaki mai araha a saman bene a kudancin Delhi. Mai gidan dattijo ne mabiyin addinin Sikh, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda kowa a layin yake kira Sardarji. Shi da matarsa, wadda nake ce wa Biji, ba sa kirana da sunana, sai dai puttar, wato ɗana. Yana yaro iyayensa suka gudo da shi daga Rawalpindi a 1947 lokacin da aka raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan, kuma tun daga nan gidansu bai taɓa jefa wa wata jam'iyya ƙuri'a ba in ba Congress ba. Hoton Firayim Minista Indira Gandhi, shugabar jam'iyyar, yana rataye a falonsa, inda duk mai shigowa zai fara cin karo da shi.

A bakinsa na fara fahimtar rikicin Punjab. Jam'iyyar Akali Dal ta mabiya Sikh tana neman a mallaka wa jihar birnin Chandigarh, a sake rabon ruwan koguna, a kuma rage ikon gwamnatin tarayya, sai ga wani mai wa'azi mai zafin kai, Jarnail Singh Bhindranwale, ya sha gabanta da matasa masu bindiga. Kashe-kashe suka yi yawa har aka rushe gwamnatin jihar a Oktoban 1983, shi kuma a Disamba ya tare a Akal Takht, kujerar shugabancin addininsu da ke harabar Haikalin Zinariya a Amritsar. Sardarji ba ya ƙaunar mutumin ko kaɗan, yakan ce ya shigar da makami inda ake shiga ba takalmi, amma yakan ƙara da cewa 'yan Congress ne da kansu suka rene shi don su karya Akali, kuma yanzu ya fi ƙarfinsu.

Watan Yunin 1984 ya zo daidai da azumi, ga zafin Delhi mai ƙona fata. Biji kan ajiye mini roti da shayi a kan matakala don sahur, ba tare da na taɓa roƙonta ba. Ranar 2 ga wata Indira ta yi wa ƙasa jawabi, washegari aka sa dokar hana fita a Punjab, aka yanke waya, aka fitar da 'yan jaridar ƙasashen waje. Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne, ranar 3 ga Yuni rana ce ta tunawa da shahadar Guru Arjan, ɗaya daga cikin jagororin addinin Sikh na farko, don haka harabar tana cike da masu ziyara, da mata da yara. A daren 5 ga wata sojoji suka kutsa ƙarƙashin Manjo Janar Kuldip Singh Brar, suka tarar da tsaron da wani tsohon janar, Shabeg Singh, ya shirya, suka sha wuta, har aka shigo da tankokin yaƙi aka ragargaza Akal Takht. Bhindranwale ya mutu a ciki, ɗakin karatun da ke ajiye da tsofaffin rubuce-rubucensu ya ƙone. Gwamnati ta ce sojoji 83 da wasu mutum 493 ne suka mutu, amma ban haɗu da Sikh ko ɗaya da ya yarda da wannan lissafin ba.

Da asubahin da labarin ya tabbata na sauko ɗaukar sahur na tarar da Sardarji zaune gaban rediyo, idanunsa sun kumbura. Don in rarrashe shi na ba shi labarin Maitatsine, yadda a Disamban 1980 sai da soja ya shiga 'Yan Awaki a Kano kafin a samu lafiya. Ya dube ni ya ce, “Puttar, wurin da suka shiga ɗin, nan ne kuke fuskanta idan za ku yi salla?” Na rasa amsa. Ya tashi ya sauke hoton Indira, ya kifa shi a bayan kabad, bai ƙara furta sunanta ba.

Ranar Laraba 31 ga Oktoba masu gadin Indira biyu mabiya Sikh, Beant Singh da Satwant Singh, suka harbe ta a gidanta da ke Titin Safdarjung. Kafin dare an rantsar da ɗanta Rajiv, kafin wayewar gari kuma hayaƙi ya turnuƙe Delhi. Daga saman benenmu ina hango motocin haya suna ci da wuta, gungun mutane ɗauke da kananzir da rodi suna bin gidajen mabiya Sikh gida-gida kamar masu riƙe da jerin sunaye. Maƙwabcinmu Bahindu ya ɓalle allon sunan gidan, ya tsallakar da iyalin ta kan rufi zuwa nasa. A can Biji ta riƙe kan autansu mai shekara goma sha shida, uban ya sa almakashi ya yanke gashin da ba a taɓa taɓawa ba tun haihuwarsa, don kada a gane Sikh ne. Ni aka bari a gidan, kuma sau biyu na buɗe ƙofa na ce da Hindina mai tuntuɓe masu gidan sun sayar sun tafi. Baƙar fatata ta sa suka gaskata ni. Mutanen unguwannin Trilokpuri da Sultanpuri ba su sami irin wannan maƙwabci ba. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 2,733 aka kashe a Delhi kaɗai.

Ranar 19 ga Nuwamba Rajiv ya faɗa a gaban taro cewa idan babbar bishiya ta faɗi ƙasa takan girgiza, kuma a zaɓen Disamba jam'iyyarsa ta lashe kujeru 404, rinjayen da ko kakansa Nehru bai taɓa samu ba. Sardarji bai fita zaɓe ba, karo na farko tun da ya isa jefa ƙuri'a. Ko da aka sa hannu kan yarjejeniya da shugaban Akali, Harchand Singh Longowal, a Yulin 1985, cewa ya yi mu jira mu gani, sai ga shi an harbe Longowal ranar 20 ga Agusta, Chandigarh kuwa har yau ba a miƙa shi ba.

Gashin yaron Biji ta naɗe shi a farin ƙyalle ta ba ni ajiya a akwatina, don tana tsoron a sake dawowa bincike. A mako mai zuwa zan ba da labarin ranar da ya hau sama ya ce in ba shi kayansa.