Tambaya ta goma da na tsallake

Har yau idan na buɗe jakar ziyara na ga takardar nan mai tambayoyi goma da muke yi wa masu jego don gano ciwon damuwa, sai gabana ya faɗi. Akwai ranar da na yi tara na bar ɗaya.

Da ake horar da mu 'yan sa-kai masu bin masu jego gida-gida, an faɗa mana cewa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan ɗaya cikin biyar na matan da suka haihu a ƙasashe masu tasowa na samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Aka ba mu labarin binciken 2008 na Rawalpindi a Pakistan, inda mata irinmu da ba likitoci ba suka riƙa zama da masu ciki da damuwa ta kama. Wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari na waɗanda aka yi wannan zaman da su ne ke cikin ciwon, a ɓangaren da ba a yi musu irin wannan zaman ba kuwa kashi 53. Na fito ina ji da kaina.

Yarinyar da na tsallake wa tambayar haihuwarta ta fari ce, tun tana da ciki nake zuwa wurinta. Ranar da abin ya faru jaririn yana da sati biyar. Na tarar da uwar mijinta a bakin gado, jikan a cinyarta, kuma ba ta da niyyar tashi. Na fara karanta tambayoyin a haka. Duk wadda na yi, sai yarinyar ta saci kallon tsohuwar ta ce, "Lafiya lau, Yaya." Na iso ta goma, wadda ke tambayar ko tunanin cutar da kanta ya zo mata a kwana bakwai da suka wuce. Bakina ya yi nauyi. Yaya zan furta wannan a gaban suruka? Na sa sifili da hannuna. Maki ya tashi 8 cikin 30, mu kuma daga 13 aka ce mu tura asibiti. Na rufe jaka na yi sallama.

Abin da ke ci mini rai shi ne idona ya gani. Rigar da na bar ta da ita makon jiya ce a jikinta. Jaririn ya tsala kuka, ko waiwayowa ba ta yi ba. Na ce gajiya ce. Alhali na san kuka da saurin ɓacin ran kwanakin farko ba sa wuce sati biyu, wannan kuwa sati biyar. Na gaskata lambar da ni na ƙirƙiro.

Kwana tara bayan nan mijinta ya kira ni tun gari bai waye ba, murya na rawa. Ya tsinci ƙwayoyin magani da ta tara a ƙarƙashin matashin kai. Ba ta sha ba, Allah ya tsare. Ranar muka kai ta asibiti aka fara kula da ita. Da ta ɗan farfaɗo ta ce da ni, "Yaya, ni fa ranar jira nake ki tambaye ni." Ban yi barci ba a daren.

Tun daga nan ba na buɗe takardar sai ɗaki ya rage daga ni sai mai jego. Nakan ce, "Inna, a ba mu minti goma in duba jikinta." Wasu na ɓata rai, su ɓata. Kuma kafin takardar akwai tambayar da na fi yarda da ita: "Idan jariri ya yi barci, ke kina iya yi?" Mai gajiya takan yi dariya ta ce ai kafin shi ma take yi. Wadda ta ce idonta biyu har safe, sai in gyara zama.

Ta goman kuwa ina karanta ta yadda take, ido cikin ido. Tambayar ba ta cusa wa kowa wannan tunani, ni da nake tsoron haka ne na yi kuskure. Duk amsar da ba "ko kaɗan" ba, ranar zan sanar da ma'aikaciyar jinya da ke kanmu, komai ƙanƙantar makin.

Yarinyar ta warware, ɗanta har ya fara rarrafe. Takardar ranar tana nan a jakata da sifilin da na rubuta, na kasa yaga ta.